Ko Ya Dace Ƙungiyar Taimako Ta Nemi Suna?

A bakin rijiyoyi da yawa na ƙasashen nan, da jikin azuzuwan makaranta, da ƙofar ɗakunan shan magani, akwai wani abu da ido ya saba da shi har ya daina kula: allon ƙarfe ko na siminti, an rubuta sunan waɗanda suka yi aikin da shekarar da aka yi shi. Wani allon yana ɗauke da kan zaki, watau alamar ƙungiyar Lions. Wani kuma yana da wata ƙafa mai haƙora kamar ta cikin injin niƙa, ita ce alamar Rotary. Mutanen waɗannan ƙungiyoyi masu aikin sa kai ne, 'yan kasuwa da likitoci da lauyoyi da malamai, waɗanda sukan haɗu a kai a kai, su tara kuɗi daga aljihunsu, su yi wa gari wani aiki. A zamanin nan Rotary tana shawartar kowane reshenta ya naɗa mutum ko kwamiti musamman domin kula da yadda jama'a suke ganin ƙungiyar. Aikinsa shi ne ya kira 'yan jarida, ya ɗauki hotuna, ya sa labari a rediyo da Facebook, ya kuma tabbata alamar ta fito daidai a jikin riga da allo.

Mai bi da ya ji wannan, wani abu yakan tsaya masa a rai. Tun yana yaro aka koya masa daga sura ta 6 ta Bisharar Matiyu cewa sadaka a ɓoye ake yinta, har aka kwatanta masu shelar kyautarsu da masu busa ƙaho. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci. Maƙwabci Musulmi kuma yana da tasa kalmar, riya, yana kuwa tsoronta ƙwarai. To, ƙungiyar da ta keɓe mutum sukutum domin yayata alherinta, ashe ba ƙahon ke nan aka ba mabushi ba? Amma a cikin wa'azi ɗaya ɗin nan, a sura ta 5, an yi maganar fitilar da ba a kunna ta domin a rufe ba, da kyawawan ayyukan da ake so mutane su gani. Ba yadda za a yi a riƙe ɗaya a yar da ɗaya. Tilas a nemi inda suka haɗu, tarihin Rotary kuwa wuri ne mai kyau na nema, gama ta fi shekara ɗari tana fama da wannan magana.

Ba da tsarkakar niyya kaɗai aka kafa ta ba, ita ma ba ta ɓoye wannan. A ranar 23 ga Fabrairu 1905, a birnin Shikago na Amurka, wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku, mai sayar da gawayin kwal, da injiniyan ma'adinai, da tela. Abin da suke nema shi ne zumunci a babban birni, da kuma ciniki a tsakaninsu, kowa ya riƙa saye a wurin ɗan'uwansa. Suna zagaya ofisoshin juna don taro, daga nan sunan ya fito. Sai a 1907 suka yi wa gari aikinsu na fari, suka tsaya kai da fata aka gina bayan gida na jama'a a tsakiyar birnin. Har ɗaya daga cikin take biyu da ƙungiyar ta tabbatar a 1950 yana nufin mai yawan hidima shi ne mai yawan riba. Saboda haka tun farko masu zunɗe suke cewa attajirai ne kawai suke cin abincin rana tare, suna lulluɓe kasuwancinsu da mayafin taimako. Wannan zargi bai mutu ba har yau, ba kuwa za a ce babu ƙanshin gaskiya a cikinsa ba.

Akwai wani zargi da ya fi wannan nauyi a Afirka ta Yamma. Ƙungiyar ta iso Dakar a 1939, ta iso Kano a 1961. Mutane suka ga manyan gari suna shiga otal, su rufe ƙofa, su buga ƙararrawa, kowa da 'yar alama a ƙirjin rigarsa, ba kuwa a shiga sai an gayyaci mutum. Me za a ce? Ƙungiyar asiri ce. Ba mutanen karkara kaɗai suka yi wannan zato ba. A watan Janairu 1951 fadar Fafaroma ta hana firistoci shiga Rotary ko halartar tarurrukanta, bayan shekaru ana zargin tana da dangantaka da 'yan Firimesin. Shekara 28 bayan haka, a 1979, Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya karɓi 'yan Rotary da suka zo babban taronsu a Roma, ya yi musu jawabi. Abin lura a nan shi ne, shirun ƙungiya ba ɗaya yake da shirun mutum guda ba. Idan mutum ya kai wa gwauruwa kwanon gero da dare, ba wanda ya cutu da ɓoyewarsa. Idan mutum talatin suna tara kuɗi a ɗaki kowane mako ba su faɗa wa kowa abin da suke yi ba, gari zai ba da labarinsu da kansa, labarin kuwa ba zai yi daɗi ba. Wurin da bayani bai cika ba, jita-jita takan cika shi.

Abin da jita-jita take iya yi, ƙasar Hausa ta gani da idonta, ta kuma biya da ƙafafun 'ya'yanta. A 1985 Rotary ta ɗaura ɗamarar yaƙi da shan inna a duniya duka. A 1988 ta haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A lokacin ana ƙiyasta cutar tana shanye yara wajen 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Aiki ya yi nisa, cutar ta ja da baya ƙwarai, sai a 2003 magana ta bazu a arewacin Nijeriya cewa ɗigon da ake yi wa yara a baki yana ɗauke da maganin hana haihuwa, waɗansu ma suka ce da ƙwayar cutar ƙanjamau. Gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai a watan Yuli 2004. Cutar ba ta san iyakar ƙasa ba. Hanyar da take kai ɗan kasuwa daga Kano zuwa Damagaram, daga Katsina zuwa Maraɗi, ita ce hanyarta. Nijar ba ta riga ta rabu da cutar ba a lokacin, ƙasashen da suka rabu da ita kuwa ta koma musu, Gana da Kamaru da Cadi da Sudan, har ta haye teku ta kai Yaman da Indunusiya a 2005. Ƙasashe wajen 20 ne suka sake ganinta.

Yana da sauƙi a ce jahilci ne. Wanda ya faɗi haka bai tambayi uwar da ta ɓoye ɗanta a bayan ɗaki ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200 a Kano. Yara 11 suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ban da haka, mutane suna da wata tambaya mai ma'ana. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suna kashe yara a idon kowa, in an je asibiti sai an biya. Me ya sa wannan ɗigo kaɗai ake bi gida gida da shi, kyauta, har ana roƙo? Ba wanda ya ba su amsar da ta kwanta musu, sai suka ba kansu amsa.

Wani abin mamaki kuma, a wannan shekara ta 2003 zuwa 2004 shugaban Rotary na duniya baki ɗaya lauya ne mazaunin Kano, Jonathan Majiyagbe, ɗan Afirka na fari da ya hau wannan kujera. Reshen Kano kuwa shi ne na fari a Nijeriya, ya yi shekara 42 a garin. Ba laifin mutumin ake nunawa ba, gama ƙungiyar sa kai ba ta iya juya gwamnati. Abin da ake nunawa shi ne, ƙungiya tana iya samun suna a Shikago, ta samu a otal da ofis da shafin jarida, amma sunan bai taɓa ƙetare zaure ya shiga cikin gida ba. Uwar da take riƙe da yaron, ita ce mai hukunci na ƙarshe, ita kuwa ƙafa mai haƙora ba ta ce mata kome.

Hausa tana da kalmomi biyu da za su taimaka a nan, suna da shaida. Suna ana iya raɗa shi, a buga shi, a rataya. Shaida kuwa wani ne yake ba da ita, daga abin da ya gani. Idan za a ba da 'ya aure, ba a tambayar saurayin ko shi mutumin kirki ne, unguwarsu ake aikawa. Abin da ya sake buɗe ƙofofi a Kano shaida ce. Aka aika da wakilai ƙasashen waje su binciki maganin. Aka sayo shi daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Gwamna Ibrahim Shekarau ya bari aka ɗiga wa 'yarsa a bainar jama'a. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da abubuwan da mutane suka daɗe suna nema, kamar rigakafin ƙyanda da gidan sauro. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, magana ta sauko daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su a gidan suna da gidan biki, su ne suka riƙa shiga ɗaki ɗaki. Guragun da cutar ta shanye tun suna yara suka fito a kan kekunansu suna cewa a dube su. Gani ya kori ji. An ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Nijeriya a Borno a 2016, a ranar 25 ga Agusta 2020 kuwa aka tabbatar yankin Afirka ya rabu da ita. Aikin bai ƙare ba, gama asalin ƙwayar tana nan a Pakistan da Afganistan, wani nau'inta kuma yana ɓulla a inda yara da yawa ba su sami ɗigon ba. Ba kuwa a araha aka kai nan ba. A watan Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafi a Kano.

A cikin duk wannan Rotary ba ta yi shiru ba. A ƙasashen masu kuɗi ta buga ganga da iyakar ƙarfinta. Ta haska saƙonta da dare a jikin manyan gine-gine irin su tsohon dandalin Kolosiyam na Roma, ta sa sanannun mutane irin su Desmond Tutu a tallanta, ta riƙe ranar 24 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da cutar. Da wannan ganga ta tara fiye da dalar Amurka biliyan 2, gidauniyar Gates kuma tana ƙara dala biyu a kan kowace dala ɗaya da ta tara, har zuwa wata iyaka. Da ta ce tawali'u ya hana ta magana, da ba a sayi maganin ba, ba a sayi sanyin da ake ajiye shi ba, ba a zuba wa babur mai ba. Amma a ƙofar gida a Kano ko Tasawa, fuskar da ta yi amfani ta mai unguwa ce da ta ungozoma, ƙungiyar kuwa tana baya. Ɗaga murya a can da ja da baya a nan, ma'auninsu ɗaya ne: wanne ne zai kai ɗigo biyu bakin yaron? Wannan ma'auni ne ya raba fitila da ƙaho. Dukansu ana jinsu ko ana ganinsu daga nesa. Fitila tana nuna wa mai tafiya hanya, ƙaho kuwa yana juyo da ido zuwa ga mai busa.

Da a ce maganar ta tsaya nan, da da sauƙi. Matsalar ita ce ganga tana da daɗi, mai bugawa kuma yakan manta abin da ya sa ya fara. Alama ta fari cewa suna ya fara cin aiki ita ce yadda ake zaɓen aikin. Sabuwar rijiyar burtsatse tana da ranar buɗewa, da zaren da za a yanka, da babban baƙo, da ruwan da zai tsarto a gaban mai hoto. Gyaran tsohuwar rijiya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Roba ce ta cinye a can ƙasa, ko sarƙa ta tsinke, sai makaniki da ɗan kuɗi kaɗan. Shi ya sa mai yawo a ƙauyuka yakan tarar da famfo ya yi shekaru a mace, akuya tana kwance a inuwarsa, allon kuwa yana nan tsaye da fentinsa, mata sun koma tafki. Wannan allo yanzu shaida yake bayarwa a kan masu shi. Basamariyen nan na Bisharar Luka, wanda ba a ma faɗi sunansa ba, bai tsaya ga ɗaure raunuka ba. Ya bar kuɗi a hannun mai masauki, ya kuma yi alkawarin komowa ya biya abin da ya ƙaru. Komowar ita ce ba ta shiga hoto. Ƙungiyar da take son allo, to, ta rubuta a jikinsa abin da zai amfani mai ɗiban ruwa: nawa aka kashe, wa yake riƙe da kuɗin gyara, wa za a nema ranar da famfo ya tsaya. Allo irin wannan yana ɗaure masu shi, shi ya sa ba a cika ganinsa ba.

Alama ta biyu ta fi ta fari muni, domin a kan mutum take faɗuwa. Ita ce hoton mai karɓa. A jera gwauraye a rana, kowace da ɗan buhu a gabanta, a ce su ɗaga kai su yi murmushi. A tsayar da maraya da yagaggiyar rigarsa, har a hana shi sa mai kyau sai an gama ɗauka. Bahaushe yana roƙon Allah rufin asiri fiye da yadda yake roƙon dukiya, ma'anarsa kuwa kada rashinsa ya fito fili. Dā can hoto yakan tafi Turai ya tsaya a can. Yanzu kafin matar ta isa gida, surukanta da kishiyoyin 'yarta sun gan ta a waya. An ba ta mudu biyar, an karɓe abin da ta yi shekara ashirin tana tattali. Hausa tana da suna ga kyautar da ake tuna wa mutum, gori, kowa kuwa ya san gori yakan ɓata kyauta ko da ta kai raƙumi. Hoton da yake yawo gori ne wanda ba ya tsufa. Cewa ta yarda ba hujja ce mai ƙarfi ba. Mai jin yunwa da aka tambaya a gaban buhu, me zai ce?

Akwai kuma ƙarin gishiri. An raba buhu 40, a ce an ciyar da gari. An fente aji ɗaya, a ɗauki hoton makarantar duka. Littafin Ayyukan Manzanni ya jera labari biyu kusa da juna. Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin a fili, aka rubuta sunansa, ba wanda ya zarge shi. Hananiya da Safiratu su ma suka sayar, suka kawo a fili. Bitrus ya nuna musu cewa gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta su. Laifinsu shi ne sun so a gan su da girman da ya fi kyautarsu. Duk mai rubuta rahoton ƙungiya yana zaune tsakanin waɗannan mutane biyu, alƙalami kuwa ya fi saurin zamewa wajen na biyun.

A wannan wuri Rotary tana da wani abu a gidanta da ya isa ya tsare ta, in ta riƙe shi. A 1932 wani mai bi ɗan kasuwa, Herbert Taylor, ya karɓi wani kamfanin tukwanen alminiyam a Shikago da bashi ya kusa kashewa. Ya rubuta wa ma'aikatansa tambayoyi huɗu da za su auna duk abin da za su faɗa ko su yi: ko gaskiya ne, ko an yi wa kowa adalci, ko zai ƙara zumunci, ko zai amfani duk wanda abin ya shafa. Ɗaya daga cikin wuraren da ya fara gwada su shi ne tallan kamfanin. Aka soke kalmomin cika baki irin su "mafi kyau", aka bar bayanin da za a iya tabbatarwa. Kamfanin ya farfaɗo, Rotary kuma ta karɓi tambayoyin a 1943, har yau ana karanta su a tarurrukanta. Idan aka ɗora hoton gwaurayen nan a kan tambaya ta biyu da ta huɗu, ba zai wuce ba. Mai kula da sunan reshe ya fi kowa bukatar waɗannan tambayoyi, ko da yake shi ne suka fi takura wa.

Mai karatu yana iya cewa, wannan maganar attajirai ce, ina ruwan ƙaramar ikkilisiya? Ruwanta da tsaki. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa su ma ƙungiyoyin sa kai ne, suna da anko, da tuta, wasu har da shafi a intanet. Aikin gayya ma bai taɓa zama a ɓoye ba, da kalangu ake nome gonar tsoho, samariya kuma a zamanin Seyni Kountché da kiɗa take gina azuzuwa a Nijar. Kiɗan yana kiran hannuwa ne, yana ƙara wa mai fartanya ƙarfi. Sai dai ranar bikin girbi ko ranar gidauniya, sa'ad da mai shela ya koma sanƙira, yana kiran wane ya ba da jika hamsin a tafa masa, tsohuwar da ta zo da ƙwai uku a ƙulle a bakin zane takan mayar da su gida don kunya. A inda masu bi suke 'yan kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi kuwa, akwai wani zato da yake jiransu kullum, cewa taimakon tarko ne na sauya wa mutane addini. Ba talla ce take kashe wannan zato ba. Abin da yake kashe shi shi ne a ga shekara da shekaru ana ba kowa ba a tambayi addininsa ba, ba a kuma biyo shi gida da wani sharaɗi ba.

Manzo Bulus ya san wannan hanya mai santsi. Sa'ad da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yi ta a ɓoye ba. Ya yi wa mutanen Makidoniya fahariya da himmar mutanen Akaya, ya kuma ba Korantiyawa labarin Makidoniyawa domin ya zuga su. Amma bai yarda ya ɗauki jakar shi kaɗai ba. Ya aika da Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu, domin kada a sami abin zargi. Abin da ya fitar fili shi ne himmar jama'a da hanyar da kuɗin ya bi. Ba inda ya jera sunayen matalautan da za su karɓa. Ƙungiyoyi da yawa sun juya wannan tsari: fuskar mai karɓa tana waje, littafin kuɗi yana cikin akwatin ma'aji, ba mai ganinsa sai shugaba. Ƙungiyar da take karanta lissafinta a gaban jama'a, shiga da fita, har da asarar da aka yi da aikin da ya lalace, ta yi wa sunanta hidimar da mai hoto ba zai iya yi ba.

Saura maganar mai bayarwa da yake son a ambace shi. Tun 1957 Rotary take ba wanda ya ba gidauniyarta dala 1,000 wata lambar girma da sunan Paul Harris, wannan kuwa ya jawo kuɗi masu yawa. Ba za a ce haram ne ba. Zuciyar mutum ba ta cika zuwa da niyya guda tsantsa ba, ƙungiyar da ta ce sai mai tsarkin niyya za ta karɓi kuɗinsa, ba za ta haƙa ko rijiya ɗaya ba. Wanda ya sayi yabo da kuɗinsa, tsakaninsa da Allah ne, ruwan kuwa zai kashe ƙishi duk da haka. Shi da kansa ya zaɓi a gan shi. Mai karɓa bai zaɓa ba, a nan iyakar take.

Wannan iyaka tana da tsada, bai kamata a ɓoye ba. A ɗauka zumuntar mata ta wani gari tana da wani ɗan garin da yake aiki a ƙasar waje, yana aiko da kuɗin hatsi kowace bazara. Bana ya ce a aiko masa da hotunan waɗanda suka karɓa, domin ya nuna wa abokansa su ma su sa hannu. Ba mugu ba ne, yana so ya tabbata kuɗinsa ya isa, yana kuma so ya ƙaru. Abin da za a iya aika masa shi ne rasit na ɗan kasuwa, da hoton buhuna a rumbu, da hoton matan zumunta suna awo, da yawan gidajen da aka kai wa, da sa hannun dattijo biyu da mai unguwa. Hatsin kuma a kai shi gida gida bayan magariba. Wani mai bayarwan zai gamsu da wannan, har ya ƙara girmama ƙungiyar. Wani zai kai kuɗinsa wurin waɗanda za su aiko masa da fuskoki, matan kuwa su shiga damina da buhu goma maimakon ashirin, waɗansu gidaje su rasa. Ya kamata shugabar ta faɗa wa 'yan ƙungiya wannan a fili tun kafin su ɗaga hannu.